Masu Ƙarƙashin Gonar Lawal

Bayan girbin gero ne, ranar wata Laraba, rana ta faɗa bayan rumbunan Wurogauri amma ladan bai kira magariba ba. Lawal na tsugune a ƙofar ɗakinsa yana alwala, matarsa Hajjo tana kwashe tuwo, 'yarsu Mufida, wadda ta fara zama budurwa, tana ɗaure awaki a turke. Sai wani abu ya faɗo cikin tukunyar miya.

Hajjo ta sa ludayi ta tsamo shi. Dutse ne, amma ba irin na garin ba: mulmulalle, launin toka, kamar an yanko guntun taɓarya, yana warin kananzir. Na biyu ya sauka a kan kwanon ɗaki. Na uku ya gangaro a hankali har gaban Lawal ya tsaya, kamar an ajiye masa.

"Ɗiyan wa ke wanga aiki?" in ji Hajjo.

Lawal ya gane dutsen. Irinsa ne injin kamfani ke zarowa daga cikin gonarsa.

Tun farkon damina mutanen kamfanin suka zo tare da wakilin hakimi. Suka ce suna zaton akwai mai ko iskar gas a cikin dutsen da ke ƙasan gonar. Suka yi masa bayani a tsanake cewa abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, shi sama kawai yake da ita, saman kuma suke son haya. Lawal ya dangwala yatsa. A tsakiyar gonar akwai wata tsohuwar kuka da matacciyar rijiya, inda mahaifinsa bai taɓa sa fartanya ba, kuma bai taɓa giftawa ba sai da sallama. Lawal ya tuna da wurin a ranar, amma ya ji kunyar faɗa a gaban masu hular kwano. Suka sare kukar, suka cike rijiyar, suka kafa injin daidai nan.

Daga wannan Larabar, kowace magariba sai an yi jifa. Randa ta fashe, sabuwar da aka sayo ita ma ta fashe. Idan jifan ya lafa, sai a ji motsi ƙarƙashin daɓen ɗaki, kamar ana jan kaya, da kukan jariri, da tarin wani tsoho. Mufida ta daina cin abinci. Takan raɓe a kusurwa ta naɗe ƙafafu, wani yammaci kuma ta dubi uwarta ta ce da muryar da ba tata ba, "Ku matsa. Wuri ya yi muna kaɗan."

Lawal ya tafi gonar, mai gadin kamfanin ya tare shi a bakin shingen waya ya ce ba a shiga. Ya hau mashin zuwa Kalgo, inda kamfanin ya kama ofis, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai shayin gefe ya ce manyan suna Birnin Kebbi. A Birnin Kebbi aka ce suna Abuja. Wakilin hakimi ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce lamarin na gwamnati ne, ya yi haƙuri.

"Haƙuri zan ɗura mata a baki?" in ji Hajjo da ya dawo. "Ran da kad dangwala ba ka shawarci kowa ba. Yanzu ga ɗiyata tana magana da bakin tsoho, kai kana yawon ofis."

Washegari ya tafi Gwandu ya ɗauko Malam Muzzammil, wani siririn dattijo mai makarantar allo da ba ya son yawan magana. Malam ya yi la'asar a zaure, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kwantar da yarinyar, ya fara karatu. Inuwa ta cinye gidan. Awaki suka yi tsit. Da hasken ya kusa ƙarewa, Mufida ta tashi zaune, ta dafa gwiwa kamar mai ciwon baya, ta amsa sallamar da ba a yi mata ba.

"Wane ne kai?" Malam ya tambaya.

"Maƙwabcin uban wanga mutum ne. Mun riga kakansa salla a bakin kukar nan."

"Musulmi ne kai, ka shiga jikin ɗiyar mutane?"

"Mun yi jifa, ba a tambaye mu ba. Mun yi tari, ba a tambaye mu ba. Sai da munka kama bakin da za a ji." Kan yarinyar ya juya wajen Lawal. "Ka ba da hayar gidanmu, mun dawo naka."

Lawal ya ce, "Sama na ba su. Sun ce ƙasan ba nawa ba ne, na gwamnati ne."

"Gwamnatin ta taɓa sauka ta gani?"

Malam ya ci gaba da karatu, muryarsa na hawa. Jikin Mufida ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙa mata wuya, Hajjo ta toshe bakinta da gefen zane. Amma muryar tsohon ba ta yi kururuwa ba, ta dai ƙara gajiya.

"Ƙona ni, Malam. Bayana akwai mata da ƙanana, kuma ba su da inda za su. In na fita, wani ya shiga."

Malam ya tsaya. Ya dubi ƙasa ya ce, "Mi kake so?"

"Abin da anka yi mishi. Shi sama, mu ƙasa. Duk ƙarƙashin gidan ga namu ne. Ba haƙa, ba daka, ba guga."

"Ya yi yawa. Mutane ne, sai sun ci, sai sun binne cibiyar jariransu. Zaɓi wuri guda."

Shiru ya yi tsawo, kamar ana shawara a wani ɗaki. Sannan hannun Mufida ya ɗaga ya nuna rijiyar da ke bayan madafa. Lawal ne ya haƙa ta da hannunsa shekarar da ya yi aure, ita ce kuma mai ruwan daɗi a duk unguwar.

"Allah gafarta Malam," in ji Lawal, "gonar ta tafi, rijiyar ma?"

"Rijiya ko ɗiya," in ji Malam, bai ɗaga kai ba. Ya koma ga muryar. "Za ka saki yarinya, jifa ya ƙare, ba ku ƙara taɓa kowa a gidan ga. Har yaushe za ku zauna?"

"Ran da sunka kwashe ƙarfensu, mu koma."

Malam ya dubi Lawal. "Yaushe ne?"

"Sun ce in ba su samu mai ba, su tashi. In sun samu, su sabunta haya." Lawal ya ƙara da cewa, "Ban san ranar ba."

"Mu ma ba a gaya muna ba," in ji muryar.

Malam ya sa Lawal ya rantse, ya rantse. Mufida ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a kan tabarma. Can cikin rijiyar aka ji ruwa ya motsa, kamar mutane da yawa na sauka a hankali.

Lawal ya kwance gugan da kansa. Ya ciro fallen kwano daga rumfar awaki ya rufe bakin rijiyar, ya danne da duwatsun da aka jefe su da su. Yana cikin haka ya ji muryar 'yarsa, siririya, tata ta ainihi.

"Inna, ƙishirwa nike ji."

Hajjo ta leƙa tulu, babu ko ɗigo. Ta ɗauki bokiti ta miƙa wa mijinta ba tare da ta dube shi ba. Lawal ya karɓa, ya fita, ya tsaya a ƙofar gidan maƙwabcinsa ya yi sallama.