Ƙyallen Shaddar Mahmudu

A shagon wani tela a Badawa Mahmudu ya fara ganinta, tana durƙushe a ƙarƙashin teburin yanka tana tsintar ƙyallaye. Budurwa tsaf da ita, ga makullin mota a hannu, amma sharar tela take tonawa. Ɗinkinsa ya zo karɓa, sai ya manta abin da ya kawo shi.

Ta ɗago da ƙyallen shadda ruwan toka. "Malam, wannan na waye?" ta tambayi tela.

"Nawa ne," in ji Mahmudu. "Me za ki yi da shi?"

"Ban sani ba tukuna. Shi zai gaya mini."

Sunanta Yusra, kuma sana'arta ke nan. A ɗakin baya na gidansu a Nassarawa GRA take yaga ƙyallaye da tsofaffin katunan biki da takardar buhun siminti, ta manna su da gam a jikin katako. Ba mutum take fitarwa ba, ba gida ba. Launi take ajiyewa kusa da launi, ta ɗaga, ta sake, har sai ranta ya kwanta.

Ranar da ya fara zuwa zance ya ɗauki wani ƙaramin allo, ya gyara murya kamar masani. "Masha Allah. Wannan Kantin Kwari ce ko?"

"A juye ka riƙe shi," ta ce, dariya na cin ta.

Daga nan dai aka ɗinke. Shi yana kiranta 'Yar Gam, ita tana kiransa Ruwan Toka, wayoyinsu kuwa ba sa hutawa.

"'Yar Gam, ina kika kai mini ƙyallena? Kada dai ya sha wahala."

"Yana tsakiyar babban allona, Ruwan Toka. Na gwada shi a gefe ya ƙi zama. Halin mai shi ya ɗauko."

Ana cikin haka har an sa ranar da kawunnansa za su je gaisuwa, sai Ma'u ta ji labarin a bakin tela. Ma'u 'yar ƙanwar mahaifiyarsa ce, kuma ta daɗe tana yi wa kanta tanadin Mahmudu. Ko mayafi ba ta cire ba ta zauna gaban mahaifiyar tasa, Hajiya Uwani.

"Hajiya, ƙyallen rigarsa fa ta ɗauka, a gaban mutane. Ke ma kin san abin da ake yi da ƙyallen namiji."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Biri ya yi kama da mutum! Shi ya sa yaron nan yake murmushi shi kaɗai."

Mahmudu ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Hajiya ta ce banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma babu kawun da zai taka ko'ina. Da hantsi ta sa direba ya kai ta gidan su Yusra, ta ce ɗakin aikin take son gani.

Yusra ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, hannunta duk gam.

"Ƙyallen ɗana na zo karɓa."

Yusra ta kauda labulen da ta rufe babban allon. Watanni ta yi a kansa, kuma shi za ta kai baje kolin zane da ke tafe. Hajiya ta matso da niyyar faɗa, sai idonta ya sauka a wani wuri.

"Wannan ba ankon bikin 'yar Alhaji Lawan ba ne? Ni ma na yi shi. Kai, wannan leshin kuma tun ina goyon…" Ta tuna abin da ya kawo ta, ta ɗaure fuska. "Ciro mini."

Yusra ba ta yi musu ba. Ta ɗauki reza ta bi gefen shaddar a hankali, tana yanka idonta na cikowa, domin ta san duk sauran launukan a kansa suka jingina. Ta miƙa shi da hannu biyu. Tsakiyar allon ya koma katako tsirara.

Hajiya na isa gida ta jefa ƙyallen a kaskon wuta, ta yi addu'o'inta, ta zauna jiran asiri ya karye. Ta jira, ta jira. Yaro ya daina murmushi, amma ya daina cin abinci ma. Rannan ta kasa haƙuri.

"Wai yaya kake jin yarinyar nan yanzu?"

"In faɗi gaskiya, Hajiya? Sonta ƙaruwa ya yi."

Ya ajiye mata wayarsa, ta karanta saƙon Yusra na ƙarshe: "Ruwan Toka, kada ka ɓata wa Hajiya rai saboda ni. Ina sonka, amma ba zan shiga gidan da uwa take tsorona ba. Allo kuwa katako ne, zai haƙura."

Kunya ta kama Hajiya, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta tashi ta buɗe tsohuwar akwatinta.

Ta koma gidan su Yusra, ta tarar da allon yadda ta bar shi, ga tulin ƙyallaye a ƙasa.

"Har yanzu ba ki toshe ba?"

"Na gwada komai, Hajiya. Babu wanda ya zauna."

Hajiya ta zaro wata atamfa mai ruwan zuma, ta sha wanki har ta yi laushi. "Ta lefena ce. Da ita na goyi Mahmudu. Miƙo almakashi."

Yusra ta sunkuyar da kai. "Hajiya, ba a sa almakashi. Yagawa ake yi."

"Ji mini yarinya!" Amma ta kama bakin zanen da haƙori, ta ja, ya tsage. Da hannunta ta shafa gam, ta danna shi a gurbin. Ya zauna daram.

"To ga nawa kin samu," ta ce tana goge yatsu. "In ma asirin ne, sai ki haɗa da ni, 'yata."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Ma'u ma ta yi anko, kuma Yusra ta roƙi ƙyallenta. An taya allon a wurin baje koli, amarya ta ce ba na sayarwa ba ne. Yana falonsu yanzu, duk baƙon da ya ce bai gane ba Hajiya ce take tashi ta yi masa bayani, ta kai yatsa tsakiya ta ce, "Nan ni na manna. Allah Ya manne su haka, Ya ba su zuri'a ɗayyiba."