Igiya Biyu a Kan Babur Ɗin Mama

"Na ce ka bari. Tun ba a haife ka ba nake ɗaure babur a jirgi."

Baba Darryl ne ya faɗa, ko kallon Nikau bai yi ba. Suna can ƙasa a cikin jirgin ruwa, inda ake jera motoci da babura, ƙarar injin tana girgiza ƙarfen da suke tsaye a kai. Nikau ya janye hannunsa a hankali.

"Yi haƙuri, Baba."

"Ni ba babanka ba ne."

Tegan, 'yar Baba Darryl, ta ji kamar ta nutse. Awa goma ne daga tashar Geelong zuwa Devonport da ke tsibirinsu na Tasmania, ga shi ko tashi ba a yi ba an fara.

Babur ɗin na mahaifiyarta ne, marigayiya Noelene. Shekara biyu ya yi a rumfar gonarsu ta tuffa yana tsatsa, kafin Tegan ta haye teku da shi wurin wani bakanike ɗan New Zealand, wato Nikau. Gyaran wata biyu ya zama na wata tara, ita kuma ba ta taɓa ƙorafi ba. Yau ga babur ya gyaru, ga bakanike ya biyo su da nasa babur, da niyyar neman aurenta. Baba kuwa ya riga ya yanke hukunci tun a waya: wanda ya zo daga hayin teku, hayin teku zai kai masa 'ya.

Aka busa usur, ma'aikata suka fara korar mutane sama. Suna tsakiyar matakala Nikau ya dafe aljihu.

"Na manta safar hannuna, ku je ina zuwa."

"Ka ji shi," Baba ya ce. "Mai manta safa ne zai riƙe min 'ya."

Kowa ya san dokar jirgin. Da zarar an tashi ana kulle ƙofar ƙasa, babu mai sauka sai an isa, ko da jaririn kyanwa ka bari a mota.

Da rana ta ɗaga, ƙasa ta ɓace gaba ɗaya. Tegan ta fita baranda ta riƙe ƙarfe. Sau nawa ta haye wannan ruwa, amma kullum sai ya sa ta yi shiru. Gabas ruwa, yamma ruwa, shuɗi mai duhu har inda ido ya gaji. Jirgin da ya haɗiye manyan motoci ɗari ya koma kamar ɓawon gyaɗa.

Nikau ya zo ya tsaya kusa da ita.

"Masoyiyata, kin yi shiru."

"Tsoro nake ji, Nikau. Idan ya ce a'a..."

"Sai in sake tambaya gobe."

"Ba wasa nake ba. Shi kaɗai ne a gonar nan. Bishiya dubu huɗu, da shi, da hoton Mama. Ba zan iya barinsa ba, kuma wallahi ba zan iya barinka ba."

Kafin ya ba ta amsa sai sama ta canza. Tsuntsayen teku ne, baƙaƙe, ba ɗari ba, ba dubu ba. Sun taso daga yamma suna shafar ruwa da fikafikansu, layi ɗaya da ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa. Mutanen baranda suka yi tsit. Har yaran da ke guje-guje suka tsaya baki buɗe. Fiye da rabin awa suna wucewa.

"Daga can ƙarshen arewacin duniya suke dawowa," muryar Baba ta ce a bayansu. Ba su ji zuwansa ba. "Noelene takan tsaya nan har sai na ƙarshe ya wuce, ko da sanyi zai kashe ta."

Ya juya ya koma ciki.

Bayan azahar iska ta juya. Kyaftin ya yi magana ta lasifika, ya ce kowa ya nemi wuri ya zauna. Ba a jima ba teku ta nuna halinta. Taguwar ruwa takan taso kamar tudu, jirgin ya hau ta a hankali, ya tsaya a sama kamar mai tunani, sannan ya faɗa da ƙarar da ake ji har cikin haƙori. Kofuna suka bi tebur suna zamewa. Ta taga Tegan tana ganin ruwa kore ya rufe sama, sai kuma sama ta dawo. Tsoro da mamaki suka haɗu mata wuri guda, ta kasa ɗauke ido.

Da ta juyo sai ta ga fuskar Baba ta yi fari fat. Shi da ya yi shekara goma yana kamun kifi kafin ya koma noma, ba ruwa ne zai juya masa ciki ba.

"Baba, lafiya?"

"Babur ɗin..." ya ce. "Ban ɗaure shi da kyau ba."

"Kamar yaya? Ai na ga ka sa igiya."

"Na sa. Ban iya jan ta ba." Ya fito da hannun damansa daga aljihu ya ɗora a tebur. Hannun yana rawa shi kaɗai, kamar ba nasa ba. "Shekara guda ke nan, Tegan. Likita ya faɗi sunan ciwon, ni ne na ƙi faɗa miki. Ko giyar da za ta hana shi gangarawa ban sa masa ba, don kada yaron nan ya tsaya yana kallona."

Tegan ta miƙe tana dafa kujeru, ta je wurin wata ma'aikaciya ta roƙe ta har da hawaye. Matar ta riƙe mata hannu ta ce ta yi haƙuri, a irin wannan ruwa ko su ba sa sauka.

Ta dawo ta tarar da Baba ya sunkuyar da kai. Duk faɗawar da jirgin ya yi sai ya runtse ido.

"Shi kaɗai ya rage min nata," ya ce. "Da hannuna na kashe shi."

Nikau ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Yana cikin giya ta ɗaya. Igiya biyu ne a kansa, ɗaya gaba ɗaya baya. Na ninke rigar sanyina na sa a ƙarƙashi don kada ta ci kujerar."

Baba ya ɗago. "Me ka ce?"

"Ban manta safa ba."

"Ina ka sami igiya?"

"Nawa ne."

"Naka babur ɗin fa?"

Nikau ya ɗaga kafaɗa. "Akwai wata tsohuwar igiyar kaya a jakata. Ta yi abin da za ta iya."

Tegan ta san wannan babur. Shekara uku ya yi yana haɗa shi ƙarfe-ƙarfe, ko ita ba ya bari ta jingina da shi.

"Ka ga hannuna ke nan," Baba ya ce a hankali.

"Tun a bakin tasha, lokacin da kake cire hular kwano."

"Kuma ka yi shiru."

"Ba nawa ba ne da zan faɗa."

Tegan ta goge ido ta zauna tsakaninsu. Ta gaji da jira wani ya yanke mata.

"Baba, ka saurare ni. Zan auri Nikau. Kuma ba inda za ni, gonar nan da ni za a yi ta. Idan shi ba zai iya zaman Huon inda gonarmu take ba, gara ya faɗa yanzu a gabanka."

Ba su taɓa yin wannan magana ƙarara ba. Ta dubi Nikau.

"Abar ƙaunata," ya ce, "tikitin zuwa kawai na saya."

Baba ya mai da hannunsa aljihu, ya juya yana kallon teku har ta kwanta.

Da yamma duwatsun Tasmania suka fito daga cikin hazo, rana tana zuba musu ja. Aka buɗe ƙofar ƙasa, masu babura suka yi ta rige-rigen sauka, kowa ransa a hannu.

Babur ɗin Mama yana tsaye kyam, ko ƙwarzane babu. Na Nikau yana kwance a gefensa, madubi ya tarwatse, tanki ya lotsa.

Nikau ya tsuguna ya shafa tankin. Baba ya zo ya kama kan babur ɗin da hannun hagu.

"Me kuke jira? Ku kama mana."

Su uku suka tashe shi. Bugu na uku ya tashi, yana tari kamar tsoho.

Baba ya miƙa wa Tegan makulli. "Ke za ki tuƙa. Na gaji da yi wa kaina ƙarya."

Tunda take ba ta taɓa ganin mahaifinta a kujerar baya ba. Ya hau ya riƙe ta, tana jin hannun nan yana rawa a gefen cikinta, hawaye suka cika mata hular kwano. Ƙaton bakin jirgin ya buɗe, hasken yamma ya shigo. Ta gangara, ta ɗan murɗa mai.

Baba ya buga mata kafaɗa.

"Rage gudu, ke. Mijinki bai san hanyar gida ba."