Mayafi A Cikin Taya

Mayafin Nazish ya naɗe a tayar babur ɗin Shahbaz, suka zube a gaban kasuwar kayan miya ta Sahiwal, rabin unguwa na kallo.

Shi ba mijinta ba, ba yayanta ba. Makanike ne da ke hango ta kullum a tasha, tana jiran motar haya mai kujerun mata biyu kacal a gaba. In sun cika, ta makara ke nan a asibitin da take aikin jinya. Ran nan ya ce ta hau, ta zauna a karkace kamar kowace mace.

Jamshed, direban motar hayar, wanda ya daɗe yana sonta, shi ya kai wa babanta labari, har da ƙari.

"Aiki ya ƙare," in ji baban.

"Abbu, ba aikin ba ne, hanyar ce..."

"Rufe min baki!"

Da yamma saƙon Shahbaz ya shigo wayarta: "Tauraruwata, ya gwiwar? Laifina ne, ban ce ki tattare mayafin ba."

Ta rubuta: "Da sauƙi. In ban koma ba ƙarshen wata, sun ba wata gurbina. Kuma Jamshed ya ce kullum mata kake ɗauka."

"Ke ce ta farko. Ba ki ga ban iya ba?"

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Ranar Juma'a Shahbaz ya zo da kawunsa, yana turo ƙaramin babur irin na mata. Nasa babur ɗin, wanda ya harhaɗa da hannunsa, ya sayar ya sayo mata wannan.

"'Yata ta tuƙa wannan? Mutane su ce me?"

"Sun riga sun faɗa, Baba. Yanzu ba za ta zauna bayan kowa ba, balle gefen Jamshed."

Tsohon ya daɗe yana kallon babur ɗin.

"Kai kuma ribarka?"

"Aurenta nake nema."

"Hm. Koya mata birki tukuna."

Ta koma aiki, bayan Sallah aka ɗaura. Allah ya ba su zaman lafiya.

Yanzu kowace safiya Nazish kan ɗaure mayafi tamau ta wuce fuu. Shahbaz kuwa motar haya yake bi zuwa gareji, kuma Jamshed bai taɓa tsaya masa ba. Da gudu yake cafke ƙofa.