Ranar da Rumfa ta Manta da Kwari

Hantsi na ɗagawa fikafikan Rumfa suka soma juyawa, ɗaya na bin ɗaya, tun daga gabashin Birnin Gurbi har yamma, da wani sauti mai laushi kamar ana jan tabarma a kan daɓe. Kowane fiffike ya kusa faɗin filin ƙwallo, yana zaune a kan ginshiƙan ƙarfe da suka zarce benaye tsayi. Bayansa yana shan rana ya mayar da ita lantarki, cikinsa kuma yana zuba wa mutane inuwa. Tun da zafin bazara ya kai inda mutum ba ya iya ƙetare titi da azahar sai jiri ya kwashe shi, mutanen Gurbi suka yi wa garinsu wannan rufi, suka damƙa sarrafa shi a hannun wata babbar kwamfuta da ke Gidan Rumfa, a tsakiyar gari.

Injiniya Balaraba Sallau na cikin masu kula da kwamfutar. A ƙarƙashin Rumfa aka haife ta, a nan ta yi karatu, ba ta taɓa sanin rana tsaka a ƙoƙon kanta ba. Mace ce mai sanyin hali, wadda ba ta danna maɓalli sai ta karanta abin da ke kan allo ta maimaita.

A wannan safiya ita da abokin aikinta, Injiniya Tanimu, suna ɗora wa kwamfutar sabuwar manhaja. Hukumar gari ta gina wata unguwa a arewa, Sabuwar Gurbi, ana so Rumfa ta miƙa har can kafin ranar buɗe ta. Aiki ya yi nisa, sai allon ya ƙifta, ya yi fari fat, sannan ya yi baƙi. Balaraba ta leƙa ta taga. Fikafikan sun tsaya cak a karkace, rana tana zubowa ta tsakaninsu tana tsaga tituna.

"Innalillahi," in ji Tanimu. "Ta ɗauke."

"Kira gidan rediyo su yi sanarwa kowa ya shiga gida," in ji Balaraba, tana jawo kujerarta kusa da allo. "Muna da sauran sanyin safe. Mu bi ta a tsanake."

Manhajar Rumfa ba dunƙule ɗaya ba ce. Ƙananan ɓangarori ne masu yawa, kowanne da aikinsa, kowanne yana jingine da ɗan'uwansa. Ma'aikatan gidan suna kiransu gaɓoɓi. Idan kwamfuta ta ɗauke a tsakiyar ɗora manhaja, wasu gaɓoɓin sukan tsira, wasu su lalace, wasu kuma su ɓace kamar ba a taɓa yin su ba. Mai gyara ba shi da wata dabara da ta wuce ya sake ɗorawa daga tushe, ya jira kwamfutar ta faɗi abin da ta rasa.

Balaraba ta kunna ta, ta fara. Ba a je ko'ina ba aikin ya tsaya, wani jan rubutu ya fito: "Kuskure. Ba a sami gaɓar injina ba." Wannan ita ce ke magana da injinan da ke juya fikafikan. Tanimu ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauko faifan asali da magina Rumfa suka bari, suka kwafo ta daga ciki. Aiki ya ɗan matsa, ya sake tsayawa. Yanzu kuma gaɓar rana ce babu, wadda ke lissafa inda rana za ta kasance a kowane lokaci. Wadda ke kan faifan ta tsufa, sabuwar manhaja ta ƙi karɓarta. Balaraba ta kira takwarorinsu na Birnin Tsauni, inda ake da irin wannan rufi, suka turo tasu nan take. Ita ma da farko aka ƙi ta, saboda da wurin garinsu aka saita ta. Balaraba ta buɗe cikinta, ta cire ma'aunin Tsauni ta sa na Gurbi, ta sake gwadawa. Jan rubutun ya koma kore.

Haka suka yi ta yi, a rasa, a nemo, a daidaita, har zufa ta fara tsattsafo wa Tanimu duk da na'urar sanyaya ɗaki. Shugaban gidan, Alhaji Lawandi, ya shigo ya tsaya a bayansu, hannuwansa a baya. Can sai aikin ya kai gab da ƙarshe, ya tsaya.

"Kuskure. Ba a sami gaɓar sabo ba. A sake gwadawa, ko a tsallake?"

Balaraba ta sake gwadawa. Amsar ba ta canza ba. Ta shiga rumbun kwamfutar tana tono, ta samo 'yan gutsattsarin fayil ɗin, amma babu wanda ke karantuwa.

Gaɓar sabo ta sha bamban da sauran, domin babu injiniyan da ya rubuta ta. Rumfa ce ta gina ta da kanta a shekarun da ta yi tana aiki. Tana karɓar bayani daga ma'aunan zafi da ke manyan tituna, tana karɓar rahoto daga asibitoci, a hankali ta san lungun da iska ba ta shiga, da kwanar da zafi ke taruwa, da rufin da ke gasa na ƙarƙashinsa. Ba ta kan faifan asali. Ta Birnin Tsauni kuwa garinsu kaɗai ta sani.

"Kwafin ajiya fa?" in ji Alhaji Lawandi.

"Ranka ya daɗe, shi ne aka share a watan jiya don a sama wa taswirar Sabuwar Gurbi wuri," in ji Tanimu. "An ce in an gama wannan aiki a sake kwafa."

Duk su ukun sun san da shawarar, babu kuma wanda ya ga aibunta a lokacin.

Alhaji Lawandi ya dubi taga. Hasken da ke kan titi ya fara yin fari, irin wanda ido ba ya iya jurewa. "Injiniya, in aka tsallake za ta tashi?"

"Za ta tashi, ranka ya daɗe. Sai dai za ta tashi baƙuwa. Ta san inda rana take, amma ba ta san garin ba," in ji Balaraba.

"To tsallake. Ba za mu bar mutane a rana ba."

Balaraba ta san gaskiyarsa. Ta yi bisimilla ta danna. Kafin a kira sallar azahar fikafikan suka motsa, inuwa ta rufe gari daga wannan gefe zuwa wancan, kowace unguwa ta sami rabo daidai da na 'yar'uwarta. Daga ƙasa aka jiyo yara suna ihun murna.

Kwanaki suka shuɗe lami lafiya. Kasuwa ta ci, motocin lantarki suka ci gaba da zirga-zirga, aka ma fara maganar sake sa ranar aikin Sabuwar Gurbi. Balaraba kanta hankalinta ya soma kwanciya.

Wata la'asar wayarta ta yi ƙara. Gwaggo Lantana ce, ƙanwar mahaifinta wadda ta raine ta, tana zaune a tsohuwar unguwar da ake kira Kwari.

"Balaraba, lafiya kuwa Rumfarku? Ta daina saninmu."

"Kamar yaya, Gwaggo?"

"Ke dai zo ki gani da idonki. Kwanan nan da la'asar ba mai iya zama ko a zaure. Yanzun nan aka ɗauki Malam Rabe tela zuwa asibiti, a kan keken ɗinkinsa ya kife."

Balaraba ta ɗauki ma'aunin zafi ta fita. Kwari unguwa ce da ke gangare, gidajen ƙasa da rufin kwano, wadda gari ya girma ya kewaye ta. Wasu dogayen benaye masu bangon gilashi sun sa ta a tsakiya. Tana sauka daga mota ta ji kamar an buɗe mata murfin tukunya a fuska. Ta ɗaga kai. Fiffiken da ke saman unguwar yana nan daram inda lissafi ya ce ya tsaya, ya tare rana sarai. Amma ranar la'asar tana shigowa a kaikaice ta can nesa, ta bugi gilashin benen gabas, ta dawo ta zube a Kwari. Babu ma'aunin zafi ko ɗaya a lungunan. Tsohuwar Rumfa takan karkata wani fiffike na yamma ta kare gilashin, abin da babu wanda ya taɓa umartar ta, babu kuma wanda ya taɓa lura.

Ta tarar da Gwaggo Lantana a ɗaki, ta jiƙa zane ta lulluɓa, tana fifita da murfin kwano. Balaraba ta durƙusa ta gaishe ta.

"Gwaggo, ki taso mu tafi gidana."

"In tafi in bar maƙwabciyata Asabe da 'ya'yanta? Da tsohuwar gidan baya da ba ta ko iya tashi? A'a. Ke dai je ki gaya wa na'urarku muna nan."

Balaraba ba ta ja ba, ta san halin gwaggonta. Ta bi lungunan tana aunawa, tana ɗaukar hoton inda hasken ke sauka, mata suna leƙowa suna yi mata sannu. Sannan ta koma Gidan Rumfa da sauri, tana lissafa a ranta fiffiken da za ta karkata da hannu ba tare da ta buɗe wa wata unguwar rana ba.

Ta tarar da Tanimu tsaye a gaban allo, ya yi tagumi.

"Injiniya, zo ki ga wani abu. Fiffike ɗaya na yamma ya karkata da kansa. Ban taɓa komai ba."

Ta matso ta karanta. Rubutun kore ne, gajere: "Gaɓar sabo: an karɓi rahoton asibiti. An gyara kusurwa a Kwari."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta gane abin da ya faru tun kafin wayarta ta sake ƙara, tun kafin ta ji muryar Gwaggo tana cewa Allah ya yi wa Malam Rabe rasuwa. Ta yi salati, ta ajiye wayar a hankali, ta zauna.

"Ta fara koyo ke nan," in ji Tanimu, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ta fara," in ji Balaraba. "Malam Tanimu, ka taɓa tambayar kanka yadda ta koyi na farkon?"

Ba amsa take nema ba. Tun tana ɗaliba ake koya musu cewa Rumfa ta san kowane lungu na Gurbi, suna alfahari da hakan a gaban baƙi. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa da yawa daga cikin lungunan nan, sai da wani ya faɗi a cikinsu kafin a san su.

Washegari ta je gaisuwar rasuwa, ta zauna cikin mata a tsakar gidan mamacin. Inuwa ta sauka a Kwari lumui, har da 'yar iska. Matar Malam Rabe ta karɓi gaisuwarta ta ce haka Allah ya ƙaddara, ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Wannan ya fi yi wa Balaraba nauyi fiye da a ce zaginta aka yi.

Daga nan ta wuce ofishin Alhaji Lawandi. Ta ce masa in aka bar Rumfa ta koya da kanta, za ta koya, amma da mutane za ta koya. Abin da ya rage shi ne a riga ta: a bi gari unguwa-unguwa, a tambayi mazauna inda zafi ke taruwa, a kafa ma'auni, a shigar mata da hannu. Ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Sabuwar Gurbi fa? Hukuma na jira."

"Ranka ya daɗe, tsohuwar ma ba mu san ta ba."

Alhaji Lawandi ya ɗaga waya ya sanar da hukuma cewa an ɗage aikin sai abin da hali ya yi. Aka raba ma'aikatan gidan rukuni-rukuni, aka tura su cikin gari.

Aikin bai zo da sauƙin da Balaraba ta zata ba. A unguwar farko da ta shiga, mai unguwa ya tara mata jama'a a ƙofar gidansa, ta tambaye su wane lungu ne ya fi zafi, ta ina rana ke shigowa da la'asar. Matasan suka dubi juna. Wani ya nuna kudu, wani ya ce a'a, ai yamma ce, suka kama gardama suna dariya. Magidanta ma ba su fi su ba. Ɗaya ya ce shi dai ya san in ya fito akwai inuwa, in ya dawo akwai inuwa.

Can gefe wani dattijo yana zaune a kan buzu yana jan carbi. Balaraba ta je ta durƙusa a gabansa.

"Baba, kai ka ga garin nan kafin a rufe shi. Ko za ka tuna?"

Dattijon ya ɗaga kai ya dubi cikin fiffiken da ke samansu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya girgiza kai.

"Da na sani, 'yata. Har awakinmu sun sani. Amma tun da kuka rufe mana sama muka daina dubawa."

Balaraba ta yi masa godiya ta miƙe. Ta gyara jakar ma'aunan a kafaɗarta, ta shiga lungu na farko da ke hannun dama, tana taɓa bango da tafin hannunta tana jin ɗuminsa. Bazara kuwa ko rabi ba ta yi ba.