Tsohuwar Wayar Seu Anacleto

Ruwan la'asar ya ɗauke ke nan Valdemar ya gama ɗaure lasifika ta huɗu a cikin motarsa Kombi. Ya leƙa kicin ya ce wa matarsa Cleuza ta bar wanke-wanken nan su fita gwaji. Sauti ba a gwada shi a tsaye, in ji shi. Injin Kombi a baya yake, sai an hau hanya ake sanin ko kiɗa zai fi ƙarfin rurinsa. Ranar Talata ce.

Shekara talatin yana tuƙa bas yana yi wa matar nan alkawarin zai kai ta ta ga teku. Da ya ajiye aiki sai ya sayi motar daga hannun iyalan marigayi Seu Anacleto. Duk wanda ya tashi a garin Pedra Cinzenta ya san ta, domin ita ce motar sanarwar rasuwa. In aka yi mutuwa, Seu Anacleto zai zaga gari a hankali da ƙatuwar lasifika a kan rufi. Zai saki ƙarar ƙararrawa sau uku, ya ƙwanƙwasa makirufo, ya yi gyaran murya. Yana da nasa tsarin da ba ya canzawa: ya fara jero waɗanda aka bari, ya faɗi ranar jana'iza da lokacinta, sunan mamaci kuwa sai can ƙarshe, don kada kowa ya koma cikin gida bai ji duka ba. Har mutanen gari kan yi raha su ce ko likita ya rufe maka ido, ba ka mutu ba sai Seu Anacleto ya faɗi sunanka.

Valdemar ya sauke lasifikar rufin, ya toshe hujin, ya kafa gado a baya da ɗan kabad da risho. Ya sa sabon rediyo, lasifika biyu a ƙofofin gaba, biyu kuma a saman gadon, daidai inda Cleuza za ta sa kai, don ita ce mai son kiɗa. Da ya ɓalle rufin ciki sai ya tarar da tsohuwar waya mai kauri, jan ƙarfe zalla, ta taso daga gaba har zuwa hujin. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa jefar da ko ƙusa mai tsatsa ba, ina zai yar da wannan? Ya lanƙwaso ta ya kai ta baya, ya haɗa ta da lasifikun saman gadon.

Abokinsa Onofre, mai gyaran wutar mota, ya zo ya gani ya girgiza kai.

"Compadre, aminina, cire wannan ka ja sabuwa. Ni zan ba ka kyauta, tunda rowa ta hana ka."

"Kai dai ka ga waya ta fi taka. Irin wannan yanzu ko a birnin Belo Horizonte ba ka samu."

Onofre bai yi dariya ba. Ya ce shekara ashirin yana gyara wa tsohon nan motar, kuma sau ɗaya tak ya ba shi shawarar sa ƙaramar lasifika a ciki don ya riƙa jin kansa. Tsohon ya kusa marinsa. Cewa ya yi titi ake faɗa wa labarin mutuwa, ba a juyo da bakinsa cikin ɗaki. Valdemar ya saurara kamar yadda ya saba sauraron fasinja mai ƙorafi, ya ce to, ya ci gaba da abin da yake yi.

Suka ɗauki hanyar gonakin kofi. Jar ƙasa ta jiƙe, tana manne wa taya. Cikin motar akwai ƙamshin sabon katako da ɗan warin fetur, ga burodin cuku da Cleuza ta ƙunso da zafinsa. Ta haye gado ta miƙe, ta cire takalmi. Aikinta shi ne ta faɗa masa in sauti ya yi daidai.

"Ban ji komai a nan sai injinka, tsoho. Turo shi baya."

Ya matsa maɓallin da ke raba sauti tsakanin gaba da baya. Mawaƙan suka ɗan ja daga gefensa.

"Ƙara."

Ya ƙara. Sun shiga tsakanin dogayen itatuwan turare, inda rana kan riga faɗuwa. Babu gida, babu mota, sai ɗigon ruwa daga ganye yana bugun rufi.

"Ƙara dai."

Ya tura shi har ƙarshe. Kiɗan ya ɗauke ɗif.

Ya ɗauka waya ce ta saki. Har ya buɗe baki zai zagi Onofre da mugun bakinsa, sai ya ji wani shuu yana fitowa daga baya, irin na tsohon kaset kafin magana ta fara. Ƙamshin burodin ya ɓace. Abin da ya cika motar warin kyandir ne da aka kashe yanzu, da furen da ya kwana a ɗaki.

Ƙararrawa ta buga. Ta sake. Ta buga na uku.

Aka ƙwanƙwasa makirufo sau biyu. Aka yi gyaran murya.

Valdemar ya san tarin nan. Ya ji shi ranar da uwarsa ta rasu. Ya kuma ɗauki akwatin gawar mai tarin da kafaɗarsa shekara huɗu da suka wuce.

"Sanarwar rasuwa," in ji muryar, a hankali, ba gaggawa. "Valdemar Teixeira da 'ya'yansa, Rosilene da Edvaldo..."

Da farko wani sanyi ya ji a ransa, kunyar faɗa ma ake yi: sunansa ya fito a cikin masu rai. Sai lissafin ya zo masa. Su huɗu ne a gidan. An kira uku.

"Cleuza," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ba ta amsa ba.

Ya kashe rediyo. Hasken fuskar rediyon ya mutu, muryar ta ci gaba da jero surukai da jikoki, kowa da cikakken sunansa, har da jaririyar Rosilene da aka haifa bayan mutuwar tsohon.

Ya taka birki, motar ta zame ta tsaya a karkace. Ya zare makulli. Inji ya yi shiru, sai muryar ta ƙara fitowa tar.

"...suna baƙin cikin sanar da 'yan'uwa da abokan arziki..."

Ya tsallaka kujera, gwiwarsa ta bugi risho. Cleuza na kwance a miƙe, idonta a buɗe yana kallon rufi. Hannayenta a harɗe a kan ƙirji, yadda ake harɗe su a cikin akwatin gawa. Ya taɓa su. Sanyi ƙalau.

Ya girgiza ta. Kanta kawai ya motsa.

Ya kai hannu ga lasifikar da ke saman kanta. Shi da kansa ya ɗaure ta tam, yana alfahari ko ramin hanya ba zai girgiza ta ba. Akwatin kayan aiki kuwa yana can gida a ƙofar gareji.

"Za a yi jana'iza ranar Alhamis..."

Ya sa farce ya yage rufin ciki. Ga wayar. Ya ja da hannu biyu. Ta yanke masa tafi, ba ta ko motsa ba. Waya ce mai kyau, shi ya faɗa.

"...da ƙarfe huɗu na yamma, a maƙabartar gari."

Saura suna.

Ya fizgo aljihun kabad, cokula suka watse. Hannunsa ya faɗa kan wuƙar yanka cuku. Ya naɗe wayar a yatsa ya hau gurzawa. Robar ta tsage. Jan ƙarfen ya yi ɗumi, yana rawa a hannunsa kamar maƙogwaron mai magana.

Muryar ta dakata, yadda tsohon kan dakata don mutane su matso ƙofa.

"Marigayiyar ita ce..."

Silin wayar na ƙarshe ya tsinke.

Shiru. Ɗigon ruwa a kan rufi. Can wani kwaɗo ya fara kuka.

Cleuza ta ja wani dogon numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Ta juyo ta dube shi, ta dubi jinin da ke bin hannunsa.

"Na ji duka," ta ce da raɗa. "Na kasa ko ƙifta ido. Kai ni gida, Valdemar."

Washegari da sassafe Onofre ya zo ya zare wayar tun daga tushe. Bai ce ai na faɗa maka ba, kuma Valdemar ya fi jin zafin hakan fiye da zagi. Alhamis ta zo. Ya zauna a gefen matarsa tun daga daren Laraba, bai ci ba, bai sha ba, har agogon coci ya buga huɗu, ya buga biyar. Tana nan tana tsince wake.

Sun je tekun daga baya. Cleuza ta shiga ruwa har gwiwa ta yi ta dariya, ta ce ashe da gaske gishiri ne. Ramukan lasifika huɗu suna nan a motar, an toshe su da katako, in ana son kiɗa ita ke rerawa. Amma duk inda Laraba ta riske su, Valdemar kan faka mota ya zare makulli. Ba ya barin ta hau tsani, ba ya barin ta tsallaka titi, yana bin ta da ido har huɗun Alhamis ta wuce. Shekara uku ke nan, kuma ya rame.

Wata Alhamis ta gaji, ta ajiye masa kofi a gaba ta ce, "Haba tsoho, ka sake jikinka. Ai bai kai ga faɗin suna ba."

Valdemar ya dubi tabon da ke tafinsa, ya dubi agogo. Huɗu saura kwata.

"Bai faɗa ba," ya ce. "Bai kuma faɗi wace Alhamis ba."