Rediyon Saman Kabad

Abin da ya fara gani a ƙofar shagon wani ƙaton akwatin katako ne yana tahowa, da ƙafafun mace a ƙarƙashinsa.

"Don Allah a karɓe ni, hannuna zai cire!" in ji wata murya daga bayan akwatin.

Ya ajiye wayar da yake gyarawa ya tare shi. Sai da ya dire shi a kan tebur sannan ya ga mai ɗaukar kayan. Siririyar budurwa ce, ƙura ta yi mata fari a goshi da bakin mayafi, tana haki tana dariya.

"Kai ne Injiniya?"

"Haka 'yan layin nan suke tsokanata. Waya da talabijin nake gyarawa. Wannan rediyon kuwa ai ya girmi babana."

"Ai ya girmi nawa baban ma. Na kakana ne. Duk shagon da na kai shi dariya ake min, wani ma cewa ya yi in ba shi katakon ya yi akurkin kaji."

Ya kwance bayan akwatin, warin tsohuwar ƙura da kashin ɓera ya daki hancinsa. A ciki wasu kwalabe ne na gilashi a jere kamar ƙwan lantarki, waɗanda ake kira bawul, da su rediyon dā yake magana. Sau ɗaya ya taɓa ganin an gyara irinsa, a hannun marigayi maigidansa da ya koya masa sana'a.

"Me ya sa dole sai shi? Ga na zamani nan birjik a kasuwa."

Dariyar ta bar fuskarta. Ta ce babanta ne ɓarin jikinsa ya shanye tun bara, magana ma ta ɗauke, sai gurnani da ba a ganewa. Kullum yana kwance yana kallon saman kabad inda rediyon yake, yana nuna shi da hannun da ke motsi. Sun kunna masa na waya, ya kau da kai.

"Na ba shi magani, na juya shi, na karanta masa jarida, duk ba abin da ya canja. Wannan kaɗai ya roƙe ni."

Injiniya ya san bai kamata ya ɗauki aikin ba. Amma da ya dubi idonta sai ya ji bakinsa ya ce, "Bar shi, zan yi iya ƙoƙarina. Wa zan rubuta a jiki?"

"Auta. Kowa haka yake kirana."

Tun daga ranar, in Baba ya samu barcin rana, sai Auta ta zo shago. Da ma malamar firamare ce, jinyar Baba ce ta sa ta ajiye aiki, don yayyenta duk sun yi aure a nesa. Injiniya ya ba ta buroshi tana share ƙurar bawul ɗaya bayan ɗaya. Ita ta samo sabon ƙyalle ta maye gurbin wanda kyankyasai suka cinye a gaban lasifika. Ranar da suke ɗaura zaren da ke jan allurar tasha, sau da dama yana kuɓucewa, don shi hannunsa rawa yake yi duk lokacin da yatsunta suka matso kusa da nasa.

"Injiniya guda da rawar hannu?"

"Yunwa ce."

"To Allah ya ƙoshe ka," ta ce tana ɓoye murmushi.

Wani yammaci ya tura mata saƙo: "Auta, an samo madadin bawul ɗin da ya fashe. Wani tsoho mai tara tsofaffin kaya ne ya ba ni, bayan ya sa na sha labarin samartakarsa har rana ta faɗi. Ladana murmushi gobe."

Ta amsa: "Murmushi kaɗai? Ashe aikinka da araha, Injiniyana. Na gaya wa Baba, har ya matse min hannu."

Kalmar nan ta Injiniyana ya yi ta maimaita karantawa har dalmar da yake narkarwa ta ɗiga a kan tebur.

Ya rubuta: "'Yar Baba, in na gama rediyon nan da wane dalili za ki riƙa zuwa?"

"In ka gama, kai za ka nemo dalilin zuwa gidanmu."

Sai jikin Baba ya rikice. Ya daina karɓar abinci, ya daina nuna saman kabad. Auta ta shigo shago idonta jajur.

"Kunna shi yau. Ko minti ɗaya ne ya yi magana in kai masa."

"Ban gama canja kafasita ba, Auta, 'yan ƙananan kayan nan masu riƙe wuta. Tsofaffin sun lalace, in aka ba shi wuta haka komai na iya faruwa."

"In ka gama bayan ba shi fa? Wa zan kunna wa?"

Ya jona waya a bango. Bawul ɗin suka fara ja a hankali kamar garwashi, lasifika ta yi wani gunji, Auta ta dafe ƙirji. Sai wata ƙara fat, farin hayaƙi ya taso daga taransfomar da ke raba wuta a cikin akwatin, ƙaurin ƙonanniyar waya ya cika shagon.

Ya fizge wayar, amma aikin gama ya gama.

"Za a samu wani?" ta tambaya da ƙyar.

"An daina yin irinsa tun kafin a haife mu."

Ta ja mayafinta ta fita, shi kuma ya zauna a gaban akwatin kamar mai zaman makoki.

Washegari wata dattijuwa ta yi sallama. Kamanninta da Auta da ya gani ya sa ya miƙe ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Mama."

Ta ƙi zama. "Ɗan nan, ban zo da faɗa ba. Na ga yadda yarinyar nan take kallon waya tana murmushi, na kuma ga yadda ta dawo jiya. Ka ga mai kemis ɗin da ke jikin gidanmu? Ya daɗe yana nemanta. Shi ke kai babanta asibiti a motarsa. In ta aure shi, katanga ce kawai tsakaninmu. In ta aure ka, ka ɗauke ta, ni da wa za mu ɗaga malam? Bayana ya gaji. Ba ƙinka nake ba, ba ni da yadda zan yi ne."

Ya tuna halin da yake ciki. Ɗaki ɗaya yake haya a can ƙarshen gari, babur ma na aro yake hawa. Ga shi abu guda da aka ba shi amana ya ƙona.

"Na ji, Mama," ya ce.

Da yamma saƙon Auta ya shigo: "Injiniyana, ka yafe min, ni na matsa maka. Baba ya ɗan sha shayi yau."

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge.

Wani ya biyo baya: "Fushi kake yi da ni?"

Sai wani: "Ko kalma ɗaya ce ka ce min. Gidan nan shiru ya yi min yawa, kada kai ma ka ƙara."

Yana shirin kiranta kenan washegari, a bakin titi, sai motar mai kemis ta wuce, Auta a gaba, mutumin yana mata magana tana gyaɗa kai. Baba na kwance a kujerar baya, amma Injiniya bai hango shi ba. Ya mayar da wayar aljihu.

Abin da ya rage masa shi ne rediyon. Ya fasa taransfomar, ya warware ƙonanniyar wayar da ta kai gashi sirantaka, ya sayo sabuwa ya fara naɗawa da hannu. Ta tsinke a tsakiya, ya sake daga farko. Ya gama, ya gwada, ta yi zafi, ya sake warwarewa. Masu kawo waya suka fara ƙorafi, wasu suka ɗauke kayansu. Bai san ko zai yi aiki ba, bai kuma san ko akwai sauran wanda ke jira ba.

Yana cikin naɗin ne ranar nan ya ji muryarta.

"Na zo ɗaukar rediyon babana."

Ta rame. Ba ta kalle shi ba, bango take kallo.

"Saura kaɗan, Auta."

"Ba sai ka wahalar da kanka ba. Tunda ya ƙone ka ga ba sauran dalilin kula ni."

"Ni? Ke da na gani a gaban motar angonki?"

Ta juyo. "Angon wa? Asibiti muka kai Baba! In ba shi ya kai mu ba, a kaina zan ɗauke shi? Tun tuni na gaya wa bawan Allahn nan ya yi haƙuri, shi ma ya ce taimakonsa don Allah ne." Muryarta ta karye. "Kullum ina zaune tsakanin mutum biyu, ɗaya ba ya iya magana, ɗaya ya ƙi yi."

Sai a nan ya gaya mata zuwan Mama da abin da ta ce. Auta ta zauna a kan benci ta rufe fuska.

"Kuma gaskiya ta faɗa," in ji shi. "Ba ni da mota, ba ni da gida kusa da ku. Ina sonki, 'Yar Baba, amma ban san me zan yi da son ba."

"Ni ma ban sani ba," ta ce cikin kuka. "Amma kada ka ƙara yi min shiru."

Ta ga yatsunsa duk waya ta yayyanka. Ta jawo kujera ta riƙe masa ƙullin wayar, yana naɗawa tana saki.

Ranar da ya gama, sai da ya bi da wutar ta cikin ƙwan lantarki don kada ta shiga da ƙarfi. Ba hayaƙi. Ya ɗauki akwatin a ka har gidansu.

Yana sallama ya ji salatin Mama daga ɗaki. Baba ne ya zame daga gado wajen canja zanin shimfiɗa, Mama da Auta suna ta kiciniyar ɗaga shi sun kasa, shi kuma ya runtse ido don kunya. Injiniya ya dire rediyon, ya ce, "Baba, da izininka." Ya sa hannu ya ɗauke shi cak ya mayar kan gado, ya gyara masa riga. Mama ta jingina da bango tana riƙe da ƙugu.

Aka jona rediyon. Wani ɗan koren ƙwai mai kama da ido da ke gaban akwatin ya haska a hankali, aka ji shuuu, can sai muryar wani mai karanta labarai daga nesa, tana zuwa tana ɓacewa. Baba ya miƙa hannunsa mai lafiya. Auta ta matso masa da akwatin, ya kama maɓallin ya murza kaɗan da kansa, muryar ta fito tar. Hawaye ya gangaro masa har kunne.

Auta ta zuba wa bakinsa ido tana jira. Bai yi magana ba. Da likita ya zo duba shi ma, cewa ya yi kada su sa rai da yawa.

Washegari da safe, kafin ya buɗe shago, Injiniya ya yi sallama a gidan.

"Rediyon ne ya lalace?" in ji Mama.

"A'a, Mama. Wankan Baba na zo yi."

Ta dube shi, sannan ta matsa daga ƙofa.

Haka ya riƙa zuwa kullum. Ya yi masa wanka, ya yi masa aski, ya zaunar da shi a kujera kusa da taga ya kunna masa rediyo. Wata rana ruwan sama ya jiƙe shi sharkaf a hanya, Mama ta miƙo masa tsohuwar rigar Baba ta ce, "Saka, kada mura ta kama min kai." Wata ranar kuma mai kemis ya tare shi a ƙofa, ya ce akwai ɗaki da falo da za a saki a bayan layin, in yana so ya yi masa magana da mai gidan.

Mama da kanta ta kira shi falo. "Ka turo manyanka. Na yi wa malam maganar, ya ɗaga min hannu. Ni tsoro ne ya sa na faɗi abin da na faɗa."

Da yamma saƙo ya shigo: "Injiniyana, Mama tana waƙa a kicin. Rabon da in ji haka tun kafin ciwon Baba."

Ya amsa: "Amaryata, ki fara haɗa kaya. Tafiyar ba nisa, taku kaɗan ce."

An ɗaura auren ba tare da wani taro mai yawa ba, ƙanin Baba ne ya tsaya a madadinsa. Yayyenta suka zo da 'ya'yansu gidan ya cika da hayaniya. Kafin a tafi da amarya, su biyun suka shiga ɗakin Baba suka durƙusa a gaban kujerarsa.

"Baba, zan tafi," in ji Auta. "Amma da safe muna nan."

Baba ya ɗora hannunsa a kanta, sannan ya lalubo kan Injiniya. Leɓensa ya yi ta rawa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Al... al..." Ya tsaya, ya sake gwadawa, kalmar ta ƙi fita. Ya dubi Mama.

Mama ta dafa hannunsa da nata a kan 'ya'yan biyu. "Allah ya yi muku albarka, in ji babanku. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari, ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi mana."

Baba ya gyaɗa kai da ƙarfi, duk ɗakin aka amsa da amin.