Mazan Gidan Kalilu

Ranar da Hafizullahi ya fara ganin Sadiƙa, saran fartanya ne ya kai shi ƙaramin asibitin garin Isa. Ita ta wanke masa ciwon. Ta gwada jininsa, sannan ta yi masa tambayar da ma'aikatan wurin suka soma yi wa kowa a lokacin: a gidanku wa ya rasu, kuma me ya kashe shi?

Yaron nan sai ya shiga lissafi. Babansa Kalilu a gonar gero ya dafe ƙirji ya faɗi. Yayan Hafizullahi ma haka, ko furfura bai yi ba. Shi kaɗai ya rage a babban gidansu na ƙauyen Tsamaye, yana cin tuwo ba mai ce masa ƙara. Ba wanda ya taɓa tambayarsa, kowa dai ya ce kwana ne ya ƙare.

Awon jini ya nuna maiƙo ya yi masa yawa, irin na gado. Likita ya ce wannan ke toshe jijiyoyin zuciya, ya ɗora shi kan ƙwaya ɗaya kullum. Kun san yaran yanzu. Daga karɓar magani sai ga karɓar lambar waya.

"Malamar asibiti, na sha. Yau da wa za ni yi hira?"

"Da ni, Manomina. Ka rage kitsen nan dai."

Da manya suka shiga zancen, baban Sadiƙa, Malam Yari, ya aiki ƙanwarsa Habi bincike. Ta dawo ta ce yaron ba shi da abin faɗa, sai dai mazan gidan ba su daɗewa, ga shi an ce kullum cikin shan magani yake. Malam Yari ya ce shi bai haifi ɗiyar da za ta yi takaba da lallen aure a hannu ba.

Abin ya kai kunnen Hafizullahi. A tunaninsa mai ciwo ke shan magani, don haka ya daina, ya daina zuwa Isa, wai su ga lafiyarsa lau. Damina ta wuce shi kaɗai yake noma, shi kaɗai yake dawowa. Sadiƙa ko kullum idonta na bakin ƙofar asibiti. Ƙarshe ta rubuta masa:

"Babanka bai samu wanda zai gaya masa ba. Kai ka samu. In ka bar maganin, ni ma ka bar ni."

Ranar Juma'a ya yi sallama a zauren Malam Yari. Bayan gaisuwa ya roƙi ruwa, ya ciro ƙwayar ya haɗiye a gabansa.

"Baba, ban san kwanana ba. Amma abin da ya ɗauki mahaifina na san sunansa, kuma ba ni wasa da shi."

Tsohon ya ce shi mai ɓoyewa yake tsoro, a turo magabata.

Bayan kaka aka ɗaura. Wurin gara Gwaggo Habi ta tsaya kan ƙwaryar man shanu, ta ce wannan ba ta shiga gidan surukinta, a maida ta man gyaɗa. Mata suka yi ta dariya.

Allah shi ba su zaman lafiya, shi nuna masu furfurar juna.